Neman shawara kan tafiyar ƙafa zuwa Tafkin Tila daga Gombe

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum. Ina yi wa iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure fatan alheri. Ni da wasu abokan aikina, dukkanmu malaman sakandare a cikin garin Gombe, mun yanke shawarar cewa idan damina ta ɗauke za mu fita yawon buɗe ido, kuma irin wurin da muke so shi ne inda za a ajiye mota a taka da ƙafa, a hau tudu, har a isa ga ruwan da ke kwance a saman dutse. Wurare biyu ne suka fi yawo a hotunan da matasa suke sakawa a Facebook, wato Tafkin Tila da ke tsaunin Biu a kudancin jihar Borno, da tafkin Pidong da ke Ampang a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato. Hankalinmu ya fi kwanciya da Tila saboda kusanci, tunda tsakanin Gombe da Biu kusan kilomita 120 ne kawai, ta hanyar Dadin Kowa da Kwaya Kusar.

Abin da nake roƙon waɗanda suka san wurin su taimaka mana da shi shi ne lokacin da ya fi dacewa a je, da irin shirin da ya kamata mu yi, domin yawancinmu daga aji sai kan babur, kuma babban cikinmu yana shan maganin hawan jini. Wasu daga cikinmu suna so a yi iyo a kuma kwana a bakin ruwan, wani kuwa ya tsorata mu da labarin wani tafki a Kamaru da ya hallaka mutane cikin dare ɗaya, yana cewa duk tafkin da ke bakin tsohon dutse mai aman wuta halinsu ɗaya ne. Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aikin malamin gona a ƙasar Biu shekaru masu yawa, don haka zan faɗi abin da ya shafi mutanen wurin da hanya, in bar maganar kimiyya ga masu ita.

Da farko ku cire maganar kwana a bakin tafki daga ranku gaba ɗaya. Kudancin Borno ya samu sauƙi idan aka kwatanta da shekarun baya, amma har yanzu wuri ne da jami'an tsaro da 'yan sintiri suke sa ido a kan duk baƙuwar fuska, kuma samari masu jakunkuna a bayansu da suka kafa tanti a daji da dare suna jawo wa kansu zargin da ba su da bakin kare kansu daga gare shi. Ku kwana a cikin garin Biu, ku fita da sassafe, ku dawo tun rana tana sama. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ƙasa da na wurin aiki, domin akwai shingayen bincike a hanya, kuma kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto kusa da shinge ko barikin soja. Idan akwai mai ɗan jirgin nan marar matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, ya bar shi a gida. Kwana biyu ko uku kafin tafiya ku tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum a tashar Biu, domin labarin hanya na makon jiya ba ya amfani a wannan makon.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, shi ne wanda za ku fara gaisarwa. Tafkin da kuke gani a hoto kamar babu mai shi yana tsakiyar gonakin mutane da makiyayar dabbobinsu, kuma yana da matsayi a tarihin ƙabilun Bura da Babur. Labaransu na gargajiya suna danganta kadojin tafkin da rayukan mutane, shi ya sa tun kaka da kakanni ba a taɓa su. Ba ana neman ku gaskata wannan ba ne, ana neman kada ku yi wasa da shi a gaban masu shi. Idan kun isa ƙauyen da ke kusa, ku nemi gidan bulama ko lawani, ku yi sallama, ku gabatar da kanku a matsayin malaman makaranta daga Gombe, ku ajiye ɗan goro, sannan ku roƙi a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora. Ku yi ciniki da ɗan jagoran kafin a tashi, a kan zuwa da dawowa, kada a bar shi sai an dawo a gajiye sannan a fara jayayya. Shi ne zai nuna muku inda gangaren yake da santsi, da gefen da ba a so baƙo ya sauka, da gonar da ba a ratsawa. Na sha ganin 'yan birni sun raina wannan mataki suna cewa ai taswirar waya ta ishe su, alhali taswirar ba ta san gonar wa aka shuka wake a cikinta bana ba.

Game da lokaci kuwa, ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke, tafkin yana cike, tuddai suna da sauran kore, kuma hazon hunturu bai sauko ba tukuna. Wanda ya je a Disamba ko Janairu yana iya hawa har ƙololuwa ya tarar ƙura ta rufe komai, ya dawo bai ga abin da ya je gani ba. Damina kuwa ba na ba da shawararta ko kaɗan, saboda laka da santsi, da kuma tsawa, wadda take samun mutumin da ke tsaye a kan tudu a fili kafin ta sami kowa.

Malamar Labarin Ƙasa:

Ina gaida Baba, kuma ina goyon bayan duk abin da ya faɗa game da bulama da ɗan jagora. Malam, bari in ɗauki maganar tafkin Kamaru, domin abokinku ya faɗi rabin gaskiya ne.

Tafkin da yake nufi shi ne Nyos, a yankin Arewa maso Yamma na Kamaru. A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar kabon mai yawa da ta daɗe tana taruwa a ƙasan ruwan ta ɓalle lokaci guda, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruwa ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500. Shekara biyu kafin nan, a 1984, irin haka ta faru a tafkin Monoun, inda mutum 37 suka rasu. Yadda abin yake shi ne, iskar tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa ta narke a cikin ruwan da ke can ƙasa, nauyin ruwan da ke samanta ya danne ta, kamar yadda murfi yake danne iskar lemon kwalba, har ranar da wani abu ya girgiza ruwan. Wannan yana buƙatar tafki mai zurfin gaske wanda ruwansa na sama da na ƙasa ba sa gaurayuwa, kuma zurfin Nyos ya kai mita 200. Tafkuna uku ne a duniya aka sani da tara iska haka, Nyos da Monoun da Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango, kuma tun 2001 aka fara kafa bututu a Nyos domin iskar ta riƙa fita sannu a hankali. Gaskiya ne masana suna lissafa tsaunin Biu cikin jerin tsoffin duwatsu masu aman wuta da suka taso daga Kamaru, amma Tila ba ya cikin waɗancan ukun, kuma mutane suna noma da kiwo a gefensa tun zamanin da.

Abin da ya kamata ku ji tsoro a irin wannan tafki shi ne siffarsa. Rami ne da aman wuta ya bari, ruwa ya taru a ciki, don haka sai an hau gefen ramin sannan a gangara zuwa ga ruwan. Ƙasar irin wannan wuri baƙin dutse ne da tsakuwa mai zamewa, kuma yawancin masu faɗuwa a gangara suke faɗuwa, lokacin da suka hango ruwa suka fara sauri. Sannan duk abin da kuka gangara sai kun sake hawa shi a dawowa, bayan rana ta take kuma ruwan gorarku ya yi ƙasa. Saboda haka idan kuna lissafin ƙarfinku, ku lissafa shi a kan fitowa daga ramin.

Akwai wani tsohon lissafi da masu hawan dutse suke amfani da shi, wanda wani mutumin Sikotilan mai suna William Naismith ya tsara a 1892. Ana ware awa ɗaya ga kowace tafiyar kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Misali, idan zuwa da dawowa kilomita 6 ne kuma jimlar hawan mita 300 ce, lissafin zai ba da kusan awa ɗaya da minti 45. Sai dai shi ya yi lissafinsa ne a ƙasa mai sanyi kuma ga mutumin da ya saba, ba tare da hutu ba, don haka ku da kuke cewa daga aji sai babur, ku ninka abin da ya fito. A Nuwamba rana tana faɗuwa a yankinmu kafin ƙarfe shida, kuma ya kamata a ce kun koma Biu tun la'asar. Ku tsayar da lokacin juyawa tun kafin ku tashi, a ce ƙarfe goma sha biyu, kuma idan ya yi a juya ko an isa bakin ruwa ko ba a isa ba.

Kafin ranar, ku gwada ƙafafunku a gida. Dutsen Liji yana nan a bakin gari, kuma wanda yake son gwaji mai tsanani yana iya zuwa tuddan Tula a Kaltungo. Ku hau da takalmin da za ku je da shi da jakar da za ku goya, domin sabon takalmi a ranar tafiya ba abin da yake haifarwa sai bororo.

Ma'aikacin Jinya, Kaltungo:

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ja a kan lokacin da aka zaɓa. Duk abin da Baba ya faɗa game da kyan wurin a ƙarshen Oktoba haka yake, amma wannan shi ne lokacin kaka, ciyawa ta yi tsawo, kuma mu a nan Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, mun san cewa lokacin shuka da lokacin girbi ne aka fi kawo mutane. Macijin da ya fi yi mana ɓarna shi ne kububuwa, wadda take son ƙasa mai duwatsu irin ta kudancin Gombe da kudancin Borno. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana ɓuya a ƙarƙashin dutse da tarin kara, kuma ta fi fitowa da magariba da dare, wanda wannan ma wani dalili ne na barin maganar kwana a daji. Da ni ne, da na jinkirta zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da aka kwashe amfanin gona, ciyawa ta kwanta, mutum yana ganin inda zai sa ƙafarsa, ko da kuwa za a yi asarar wani abu na koren tuddai.

Ko yaushe kuka je, kada kowa ya taka da silifa. A sa takalmi sau-ciki mai kauri wanda ya rufe idon sawu, da safa, da dogon wando mai kauri, a riƙe sanda, a bi sawun ɗan jagora, kuma kada a cusa hannu cikin kogon dutse ko a zauna a kan dutse ba a duba gefensa ba. Idan tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman mai magani a ƙauye. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a kai shi mota, a nufi asibitin da yake da allurar kashe dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma abin da yake yaudarar mutane shi ne wanda aka sara yana iya zama garau na wasu awoyi kafin jini ya fara fita ta dasashi ko ta fitsari. Saboda wannan dalilin ba a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, sai dai farasitamol. Ina ba da shawarar direbanku ya zauna kusa da mota da makulli a hannunsa, maimakon ya bi ku ya gangara.

Maganar iyo kuwa, amsata ita ce a'a. Ban da kadojin da Baba ya ambata da zurfin da ba ku sani ba, ruwan da yake kwance a ƙasarmu yana iya ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, ba sai ya sha ba, kuma sai bayan makonni ko watanni mutum ya fara ganin jini a fitsarinsa. Tana da magani, praziquantel, amma ban ga dalilin da zai sa a je a ɗauko ta saboda hoto ba. Ruwan sha ma ku taho da naku, aƙalla lita uku ga kowane mutum, a bar wata jarka a mota, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na ORS. Abinci marar nauyi ya isa, irin su dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi.

Shi kuma yayanku mai hawan jini, ya je a auna shi a makon tafiyar, ya gaya wa likitansa abin da zai yi, ya sha maganinsa da safe kamar kullum. Tsawon tsaunin Biu bai kai inda iska take ƙaranci ba, don haka zafi da gajiya ne abin lura. A sa shi a gaba kusa da ɗan jagora domin tafiyar kowa ta daidaita da tasa. Idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashinsa ya sarƙe, tafiya ta ƙare ga kowa da kowa.

Baba Mai Ritaya:

Ɗana na Kaltungo, maganarka tana kan hanya, kuma kai ne kake ganin waɗanda ake kawowa. Abin da zan ƙara shi ne hazo ba ya jiran kalanda, wata shekarar yana sauka tun kafin Nuwamba ta ƙare. Su sa ido daga tsakiyar watan, su kira wani a Biu ya gaya musu ko an gama yankan dawa a gefen tafkin da kuma yadda sararin sama yake.

'Yar Wunti, Bauchi:

Ina gaida iyaye da malamai. Tunda Malam ya ambaci Pidong, ina ganin ya kamata a ce wani abu a kansa. Yana ƙasar ƙabilar Mwaghavul ne, kusa da Kerang inda ake ɗura ruwan kwalba na SWAN, kuma yankin yana da sanyi sosai a Disamba da Janairu, tunda garin Jos kansa yana kan tsawon kusan mita 1,200. Daga Gombe sai an biyo ta Bauchi da Jos, tafiyar da ta haura kilomita 300, don haka ba ta kwana ɗaya ba ce. Bayan rikicin da aka yi a Mangu a 2023 da farkon 2024, ba zan shawarci baƙo ya shiga ƙauyukan yankin ba sai tare da ɗan gari wanda aka sani kuma ya san halin da ake ciki a makon. A matsayinku na masu farawa, Tila ya fi muku.

Roƙona ɗaya shi ne game da shara. Duk wurin da hotonsa ya yi farin jini, kafin shekara ta zagayo sai ka tarar da ledar fiya wata da robar lemo sun cika bakin ruwan, kuma dabbobin masu wurin ne suke haɗiye ledar su mutu. Ku tafi da buhu guda ku dawo da duk abin da kuka je da shi. Wanda buƙata ta kama ya yi nisa da ruwan sosai, ya tona rami ya rufe. Kada a hura wuta, domin a kaka tartsatsi ɗaya yana iya cinye amfanin gonar da ba a kwashe ba, kuma kada a ɗauki hoton matan da suke aiki a wurin ba da izininsu ba.

Ɗan Jekadafari:

Baba, Malama, Yaya na Kaltungo da 'yar'uwarmu ta Bauchi, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Na karanta wa abokan tafiyar duk abin da kuka rubuta, kuma mun tsayar da cewa Tila za mu je, a mako na uku ko na huɗu na Nuwamba gwargwadon abin da muka ji daga Biu. Za mu tashi daga Gombe ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci domin mu shiga Biu da sauran rana, mu kwana a gari, mu gaida bulama da safiyar Asabar, mu juya da ƙarfe goma sha biyu. An soke iyo da kwanan daji, ko da yake mai son iyon bai gama haƙura ba tukuna. Mun tambayi limamin unguwarmu game da salla, ya ce nisan ya wuce mil 48 da ake yin kasaru a kansa a mazhabar Malikiyya, don haka za mu yi kasaru, kuma za mu ɗauki ruwan alwala daban domin kada wani ya ce zai gangara bakin tafkin ya yi. Asabar mai zuwa za mu fara gwaji a Dutsen Liji.

Sauran tambaya ɗaya gare ni ga Baba. Ƙaramar mota ce da mu, mai ƙasa-ƙasa, shin ya fi kyau mu bar ta a Biu mu ɗauki shatar wadda ta saba da hanyar ƙauyen, ko kuwa mu shiga da tamu tunda Yaya ya ce a samu mota a kusa saboda gaggawa?